Akwatin Tambaya: OK Computer na Radiohead, kiɗa ne ko hayaniyar Turawa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Radiohead da kundinsu OK Computer, kuma na san ummul haba'isin abin, TikTok ne ya tono wata tsohuwar waƙarsu yara suka ɗauka jiya aka yi ta. Na tsinto waɗanda suka fi nama, na ɗan gyara rubutun, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Yaya, dan Allah akwai wata waƙa da nake ta ji ana ɗorawa kan bidiyon ban tausayi, sunanta Let Down, wlh duk sanda naji ta sai jikina yayi sanyi alhalin ko rabin turancin bana ganewa. Su waye suka yi ta, sababbin mawaƙa ne? Kuma wane irin kiɗa ne wannan?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Ina fa sababbi, waƙar nan inaga ma ta girme ki, tun 1997 ta fito, ita ce ta biyar a cikin waƙoƙi 12 na OK Computer, kundi na uku kenan na Radiohead. Su biyar ne, kuma tun suna 'yan sakandare a garin Abingdon kusa da Oxford suka haɗu a 1985, lokacin sunansu On a Friday saboda ranar Juma'a suke gwajin kiɗa, sai da kamfanin EMI ya ɗauke su a 1991 sannan suka canza suna. Thom Yorke shine mai rerawa kuma yana taɓa jita da fiyano, Jonny Greenwood da Ed O'Brien jita, Colin Greenwood yayan Jonny shine mai bas, wato jitar nan mai kaurin murya, sai Philip Selway a kan ganguna. Har yau su biyar ɗin ne dai, ba wanda ya fita ba wanda aka kora, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan harka.

Irin kiɗan kuma altanatif rok ake ce masa. A shekarun 1980 akwai rok na manyan kamfanoni da manyan filayen wasa da dogon gashi, sai kuma ga wasu matasa can gefe suna nasu da ƙananan kamfanoni, gidajen rediyon jami'o'in Amurka ne ke saka su, irin su R.E.M. da Pixies da Sonic Youth, a Ingila kuma The Smiths, kiɗansu ba ado sosai, maganarsu ta kaɗaici ce da damuwa da rashin gamsuwa da yadda duniya ke tafiya. Sai Nirvana suka fitar da Nevermind a 1991, ya zo a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga na ɗaya a Amurka, shikenan 'yan gefe suka zama 'yan gari. A cikin wannan guguwar Radiohead suka fitar da Creep a 1992, waƙar da ta sa duniya ta san su.

Toh yanzu maganar sanyin jiki, ba banza ba. Ki sa iyafis kunne biyu, ki rabu da sifikar waya, ki bi jitar da ta buɗe waƙar. Jonny yana ƙirga nasa biyar-biyar ne yayin da ganga da sauran ke tafiya huɗu-huɗu, saboda haka kullum kamar zasu kuɓuce wa juna, sai an yi 'yar tafiya su haɗu su sake rabuwa, in kin taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude a turmi ɗaya kin san abin da nake nufi, kowace taɓarya da lokacin saukarta amma ba karo. Wannan ne yake sa kunne ya kasa samun wurin zama. Maganar waƙar kuma ta mutum ce da ke cikin zirga-zirga, titi, tasha, tashi da sauka, ga jama'a ko'ina amma cikinsa fayau, har ya kwatanta kansa da ƙwaron da aka take, sannan yace wata rana zai yi fiffike. A baiti na ƙarshe muryar Thom ta rabu gida biyu, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a dama, ɗaya ta haura sama ta bar 'yar'uwarta, daidai wurin ne masu TikTok ke yankowa kuma gaskiya sun iya zaɓe. Ni a wajena ita ce sarauniyar kundin. Abin dariya a lokacin bata ma cikin manyan waƙoƙi uku da aka tallata, Paranoid Android da Karma Police da No Surprises, sai a 2025 ta shiga jadawalin Billboard Hot 100 na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka karon farko, bayan shekara 28.

Tambaya: Oga barka da aiki. Ni ina haɗa kiɗa a wani ɗan studiyo, fiyano da kwamfuta nake aiki dasu. Na saurari kundin nan daga farko har ƙarshe, abin da ya ɗaure min kai shine faɗin sautin, sai kaji kamar kana cikin ɗakin tare dasu. Wace manhaja suka yi amfani da ita? In akwai ka faɗa min in sauke.
Daga wani mai haɗa kiɗa a Kano

Amsa: Abokina ajiye datarka, abin da kake ji ba manhaja bace, gida ne. Bayan kundinsu na biyu The Bends na 1995 ya karɓu, kamfani ya basu fam 100,000 su sayi kayan naɗar sauti na kansu kuma ba'a sa musu wa'adi ba, sai suka ƙi komawa studiyo irin wanda aka saba, suka jawo wani matashin injiniya Nigel Godrich wanda shekarunsa basu wuce nasu ba, yayi musu ƙaramin aiki a The Bends, suka ce kai ne furodusa tare damu. Sun fara a 1996 a wata rumfar ajiya da aka gyara kusa da Didcot, suna kiranta Canned Applause, daga baya a watan Satumba suka kwashi kaya suka tare a St Catherine's Court, wani tsohon katafaren gidan dutse kusa da garin Bath mallakar jarumar fim Jane Seymour, ba kowa a ciki sai su. Kowane ɗaki da irin amsa-kuwwarsa, sai suka riƙa zagayawa da makirufo suna neman ɗakin da ya dace da waƙa. Let Down a babban zauren rawa aka ɗauke ta da ƙarfe 3 na dare. Muryar Exit Music (For a Film) a matattakalar bene ta dutse aka ɗauka, wannan amon da kake ji yana bin bayan muryar dutsen ne da kansa. Kuma Ed O'Brien ya ƙiyasta kusan kashi 80 cikin ɗari na kundin tare suka kaɗa a lokaci ɗaya, ba wai a ɗauki ganga yau a ɗora jita gobe ba, sautin wannan yana shiga makirufon wancan kuma basu damu su goge ba, da yawa daga muryoyin Thom ma ɗaukar farko ce aka bari.

Amma kar kace babu na'ura, akwai, sai dai sun san inda suke saka ta. Ɗauki Airbag wadda ta buɗe kundin. Gangar da kake ji Philip ne ya buga da hannunsa, sai suka yanki 'yan daƙiƙu suka saka a na'urar samfur suka yayyanka a kwamfutar Macintosh suna kwaikwayon salon DJ Shadow, shi yasa take da rai amma tana ɗan tuntuɓe irin na inji. Kuma ka lura da bas ɗin Colin a waƙar, ba ya bin ta a jere, ya shigo ya faɗi kalma biyu yayi shiru ya bar fili, irin na kiɗan dub na Jamaika. Wannan shirun yana cikin sirrin faɗin da kake tambaya.

No Surprises wata dabarar ce daban. Suna son ta a hankali fiye da yadda hannu zai iya kaɗawa da daɗi, sai Godrich yace su kaɗa da ɗan sauri, ya rage gudun tef ɗin, sannan Thom ya rera a kai, shi yasa komai na cikinta yake jan ƙafa kamar mai jin barci, ga 'yar ƙaramar ƙarar ƙarfe ƙil-ƙil ta gulokinshifil da Jonny ke bugawa. Kuma wadda ke kundin ita ce ɗauka ta farko, sun yi ta sake wasu daga baya suka dawo kanta. A Exit Music muryoyin nan masu kama da taron mawaƙan coci ba mutane bane, Mellotron ce, tsohuwar fiyano da kowane maɓalli ke jan guntun tef mai ɗauke da murya, shi yasa suke da ɗan ban tsoro, kuma ka jira wajen da ganga ta shigo tare da bas mai gurnani, waƙar da ta fara da raɗa sai ta cika ɗaki. Don fim ɗin Romeo + Juliet na 1996 aka yi ta, ita ake sakawa lokacin da sunaye ke wucewa a ƙarshe. Ƙarshen Karma Police inda komai ke narkewa, Ed ne ya cusa sautin jitarsa a na'urar maimaita sauti har ta fara cin kanta sannan ya murɗa ta ƙasa.

Wadda ta fi bani tsoro a wajen aiki ita ce Climbing Up the Walls. Jonny, wanda tun yana yaro ya koyi goge irin na Turawa, ya rubuta wa masu goge 16 kiɗa, kowanne sautinsa ya ɗan goce wa na kusa dashi da ƙasa da tazarar maɓalli biyu na fiyano da ke maƙwabtaka, to kaga fiyanonka ma bata da waɗannan sautukan sai ka murɗa. Daga wani mawallafin kiɗa ɗan ƙasar Folan, Krzysztof Penderecki, ya ɗauko dabarar, kuma a studiyon Abbey Road na Landan aka naɗi gogen a Janairun 1997. Ba mamaki daga baya ya koma yi wa finafinai kiɗa har sunansa ya shiga takarar Oscar.

In shawara kake so, ba sai ka mallaki gidan dutse ba. Ka fitar da mawaƙinka daga cikin ɗan akurkin soson nan ko sau ɗaya, ka gwada matattakalar bene ko ɗakin da ba kaya da daddare in an ɗauke hayaniyar janareta, ka sa makirufo ɗaya kusa ɗaya nesa ka haɗa. Sannan ka daina barin duk kayan kiɗa suna magana tun daga farko har ƙarshe. Su jita uku gare su amma da wuya kaji biyu suna abu ɗaya, ɗaya na riƙe waƙa, ɗaya na zane a sama, na ukun wani lokacin iska kawai yake yi.

Tambaya: Malam ni fa gaskiya ban ga abin yabo ba. An ce wai yana cikin kundaye mafi kyau a tarihi, na kunna, ta biyu minti shida da wani abu ba amshi ba komai, ana cikin lallashi sai ihu. Ta bakwai kuwa na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace, wani mutum-mutumi ne kawai ke surutu. Ko dai don Turawa ne ake zuzutawa?
Daga wani ma'aikaci a Kaduna

Amsa: Ranka ya daɗe ba kai kaɗai ba, kamfanin Capitol da ke sayar musu a Amurka ma da suka ji kundin gabansu ya faɗi, suka rage hasashen ciniki daga kwafi miliyan 2 zuwa rabin miliyan, don a ganinsu ba wata Creep a ciki. Da suka ga ba makawa sai suka aika wa 'yan jarida da masu harkar 'yan ƙananan rikodoji 1,000 da kaset ɗin a manne a ciki da gam, yadda ba damar cirewa sai dai ka saurara. Ya fito a Ingila ranar 16 ga Yunin 1997 ya hau na ɗaya, a Amurka ya fara a na 21, ya ci lambar yabo ta Grammy ta ɓangaren altanatif a 1998, daga baya ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan da ake adanawa don tarihi. Amma duk wannan ba ya tilasta wa kunnenka, kunne ba'a yi masa dole.

Paranoid Android da kake ƙorafi a kai, matsalar kana jiran amshi ne, ita kuma ba'a gina ta a haka ba, guntaye ne na waƙoƙi daban-daban aka ɗinke suka zama kashi huɗu. Na farko jita mara lantarki da 'yan kacau-kacau, mutum na roƙon a rage masa surutu ya samu ya huta. Na biyu fushi ya fara tasowa, kiɗan har yana cin ƙirga ɗaya, a wasu wurare bakwai ake ƙirgawa maimakon takwas shi yasa kake jin kamar an fizge ka, sai jitar Jonny ta fashe. Na uku komai ya lafa, muryoyi a jere a hankali, yana kiran ruwan sama ya sauko masa, wanda a ganina duk kundin ba inda ya kai nan kyau in ka cire ƙarshen Let Down. Na huɗu fushin ya dawo ya rufe. Thom ya rubuta ta ne bayan wani dare a wata mashaya a Los Angeles inda ya ga wata mata ta haukace don an zubar mata da abin sha a kaya. Kuma ka gode wa Allah, lokacin da suke gwada ta a gaban jama'a a 1996 suna buɗe wa mawaƙiya Alanis Morissette wasa a Amurka, minti 14 take kaiwa. A hakan da tsawonta ta kai ta 3 a Ingila.

Ta bakwai, Fitter Happier, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Muryar kwamfutar Macintosh ce ake kira Fred, Thom ya rubuta jerin irin nasihohin da ake cika mutane dasu a talla da mujallu, ka motsa jiki, ka rage sha, ka zauna lafiya da abokan aiki, ka tuƙa mota a hankali, ya ba inji ya karanta ba tare da wani ji a rai ba, ana tafiya nasihar na ƙara duhu har ta ƙare da alade a keji ana ɗura masa magani. Ko minti biyu bata kai ba, kuma sun so ma su buɗe kundin da ita sai suka ga zata kori mutane. Ba waƙar sakawa a mota bace, na yarda, amma kar ka tsallake ta in kana jin kundin a jere, ita ce ƙofar shiga rabi na biyu inda abubuwa suka fi baƙi. In akwai wadda zan baka gaskiya a kanta to Electioneering ce mai bi mata, ta 'yan siyasa masu neman ƙuri'a, har asusun ba da lamuni na duniya IMF an ambata a ciki, maganar ta zauna amma kiɗan gudu ne kawai da ƙarfi, kowace ƙungiyar rok ta lokacin zata iya yin irinta.

Tambaya: Ɗana, ina yi maka fatan alheri. Yarona ɗan shekara goma sha tara ya kama jin waɗannan mutanen, sai ya rufe ɗaki ya toshe kunne, in na leƙa sai naji kamar kuka ake a waƙar. Me suke faɗa ne? Ina tsoron kar su lalata min shi.
Daga wata uwa a Katsina

Amsa: Mama ina gaisuwa, Allah ya raya mana shi. Zan faɗa muku yadda abin yake ba ragi. Ba waƙoƙin batsa bane, ba na tallan ƙwaya ko fariyar kuɗi ba, mafi yawansu a kan gajiya da rayuwar birni ne, tsoron hatsarin mota da na jirgi, aikin da ke cin mutum a hankali, 'yan siyasa, da jin kai baƙo ne a cikin mutanenka. Kukan da kuke ji kuma salon muryar mawaƙin ne, yana yawan siranta ta ya ja ta sama.

Amma akwai masu nauyi. No Surprises kiɗanta kamar na reno, mai daɗi, alhali mutumin cikinta ya gaji da komai har yana ambaton iskar gubar hayaƙin mota, kuma mutane da yawa sun fassara hakan da son barin duniya. Climbing Up the Walls a kan abin tsoron da ke cikin kan mutum ne, shi Thom ɗin ya taɓa aiki a asibitin masu taɓin hankali. Saboda haka ba zan ce muku duk wasa bane.

Abin da zan ce, yaro a wannan shekarun ya so waƙar baƙin ciki ba shine ciwo ba, da yawa ma sauƙi suke samu in sun ji wani ya faɗi abin da suka kasa faɗa. Abin dubawa shine sauran rayuwarsa, yana cin abinci, yana barci, yana fita wajen abokai, karatu da ibada suna nan yadda suke? In duk suna nan ku kwantar da hankali. In kuwa kun ga ya janye daga kowa, ya rame, ko yana maganar ya gaji da rayuwa, to kar a tsaya faɗa da iyafis, a zauna dashi cikin lallami kuma a kai shi ya ga likita. Ƙwace wayar ba zai gaya muku komai ba, amma in kuka ce ya kunna muku wadda ya fi so ya fassara muku, zaku sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa.

Tambaya: Yaya wai da gaske ne sun yi hasashen zuwan wayar hannu da soshiyal midiya tun kafin a yi su? Haka naga ana ta faɗa.
Daga wani ɗan bautar ƙasa a Gombe

Amsa: Ƙanina an ɗan ƙara gishiri. Gaskiya ne lokacin ba Google, sai 1998 aka kafa shi, Facebook 2004, iPhone 2007, kuma a watan Mayun 1997 da kundin ya fara fita a Japan, a watan ne kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran darar Turawa (chess) na duniya Garry Kasparov, saboda haka tsoron inji yana cikin iska. Amma ka ƙirga da kanka, kwamfuta nawa ke cikin waƙoƙin? Airbag mota ce, ta samo asali daga hatsarin da Thom yayi a 1987. Lucky jirgin sama ne ya faɗo. Let Down tasha da titi. The Tourist wadda ta rufe kundin, Jonny ne ya tsara ta bayan ya ga 'yan yawon buɗe ido a Faransa suna ta sauri basa ganin komai, waƙar gaba ɗaya roƙo ne a rage gudu. Hoton bangon ma tituna ne masu hawa kan juna. Mutanen nan shekaru suka yi a cikin bas da jirgi da otal suna yawon wasa tun bayan Creep, abin da suka gani ta taga suka rubuta, da abin da Thom ke karantawa irin rubutun Noam Chomsky, masanin nan ɗan Amurka mai sukar siyasa. Abin da ya faru shine yanayin da suka kama, gudu ba tsayawa, surutu ta ko'ina, mutum a cikin taro amma shi kaɗai, waya ta zo ta raba wa kowa shi har wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Sunan kundin kuma ya taimaka wa masu wannan magana.

Tambaya: Ɗan'uwa muna gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da masu jita, Mdou Moctar da Bombino, naga har Amurka suke wasa. Su ma altanatif rok suke yi ko kuwa?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

Amsa: Muna amsawa ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Tushensu daban ne, nasu kiɗan jitar Abzinawa ne wanda su Tinariwen na Mali suka buɗe wa hanya, da Tamashek suke waƙa, kuma kiɗan yana zagaye ne a kan kari ɗaya yana ƙara zafi, ba irin ginin Radiohead mai sauya ɗaki ba. Amma kasuwarsu a Turai da Amurka, masu jin altanatif ne suka fi rungumarsu. Afrique Victime na Mdou Moctar a 2021 da Funeral for Justice a 2024 kamfanin Matador ne ya fitar, wanda gidan 'yan altanatif ne irin su Pavement da Interpol. Nomad na Bombino a 2013 kuwa Dan Auerbach na The Black Keys ne furodusa. Wani abin da mutane basu cika sani ba, kundin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008 da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta bulutut da katin waya ya yaɗu kafin wani Bature ya san dashi. In ƙarar jita ce ta kai ka wajen Mdou, a OK Computer ka fara da Paranoid Android da Lucky.

Tambaya: Na gama OK Computer ya shige ni, wanne zan bi dashi? Kuma naga wani mai suna OKNOTOK, daban ne?
Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos

Amsa: 'Yar'uwa OKNOTOK shi ɗin ne dai aka sake gyara sautinsa aka fitar a 2017 don cikarsa shekara 20, aka ƙara waƙoƙin gefe da wasu uku da ba'a taɓa fitarwa ba, I Promise da Man of War da Lift, ki nemi Man of War ko don ita kaɗai. Na gaba kuma ya danganta da abin da ya kama ki. In jita da murya ne ki koma baya ki ɗauki The Bends, ya fi sauƙin shiga. In su Fitter Happier da gangar Airbag ne suka burge ki to Kid A na 2000, inda suka kusa ajiye jita gaba ɗaya suka rungumi na'urori, ko waƙa ɗaya basu fitar don talla ba kuma ya hau na ɗaya a Amurka, amma ina gargaɗinki ji na farko zai iya ɓata miki rai. Ni da za'a bar ni da In Rainbows na 2007 zan ce ki bi, wanda suka saka a intanet suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ya fi duk sauran ɗumi kuma zai yi miki daɗi bayan aikin dare.

Masu tambaya a kan Coldplay da Linkin Park kuyi haƙuri fili ya ƙare, naga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.